Uwar Tsawa da Kwanso Na Arba'in da Bakwai

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Farfesa, wadda abokan aiki da ɗalibai suka fi sani da Uwar Tsawa, a ranar Laraba 14 ga watan Afrilu na shekarar 1948, a wani ƙaramin gari da ke gindin dutse, inda rabin magidanta suke ci daga fasa dutsen, sauran rabin kuma daga loda shi a mota. Mahaifinta shi ne mai ɗana nakiya a mafasar dutsen, gajeren mutum mai yatsu tara, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mahaifiyarta tela ce, tana da keken ɗinki a bakin taga. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma da yake sunan kakarta aka sa mata, mahaifin bai taɓa furta sunan ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Uwata yake ce mata.

Da marigayiyar za ta ga yadda aka buɗe wannan tarihi, da ta ɗauko jan biro ta kewaye kalmar farko, ta rubuta a gefe: wa ya haife ta? Dalilin wannan ɗabi'a zai zo a gaba, domin shi ne kusan dukan labarin. A nan ya isa a gyara: mahaifiyarta ce ta haife ta, da taimakon wata maƙwabciya, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon dutsen.

A garin, kowace tsakar rana ana busa usur sau uku, mata su riƙe kwanukan da ke kan kanta, sannan dutse ya fashe. Tun tana shekara shida ta lura cewa ƙasa tana bugun tafin ƙafarta kafin kunnenta ya ji ƙarar. Ta faɗa wa yayyenta, suka ce ƙarya take yi. Ta kai ƙara wurin mahaifinta, ya ce bugu ya fi sauri a cikin dutse a kan cikin iska, sannan ya ƙara da maganar da ta riƙe har tsufa: "Abin da kika gani kin gani, Uwata. Sai dai ki tabbata kin duba da kyau."

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a 1955, ta wuce sakandaren kwana a 1962, inda shugabar makarantar ta rubuta a takardar sakamakonta ta shekarar farko cewa yarinyar tana da kai, amma akwai turjiya. Musabbabin wannan shaida shi ne malamin lissafi ya rubuta amsa a allo, ita kuma ta ce ba haka ta samu ba. Aka ce ta goge tata ta kwafi ta allo, ta ce sai an nuna mata inda ta kauce. Ta sha sharar harabar makaranta kwana uku. A rana ta huɗu malamin ya gano alamar ragewa da ya mance, ya gyara allonsa, ita kuwa ba ta goge komai ba.

Ta sami gurbin karatu a jami'a a 1968, ta kammala digirin farko a fannin fiziks a 1972 da sakamako mafi daraja, sannan a 1973 ta tafi wata ƙasa mai sanyi domin digirin digirgir. A can ta haɗu da abin da ya cinye sauran rayuwarta. Kowace waya da lantarki ke bi tana yi masa turjiya, shi ya sa take ɗumi, shi ya sa kuma wani kaso na wutar yake salwanta a hanya. Amma akwai wasu ƙarafa da sinadarai waɗanda idan aka sanyaya su matuƙar sanyi, irin sanyin da ƙanƙara ba ta isa ta shiga sahunsa ba, sai turjiyar ta ɓace ɗungurungum, lantarki ya ratsa su ba tare da asarar komai ba. Lissafi ya nuna akwai wasu haɗe-haɗen da za su iya yin haka, sai dai tanderu ba ya iya haɗa su, domin ƙwayoyinsu ba sa yarda su jeru yadda ake so sai an matse su da matsin da injinan wurin ba sa iya bayarwa. Sauran ɗalibai suka rubuta wannan a littafi suka wuce. Ita kuwa ta tuna da tsakar rana a garinsu, ta ce wa malamin: "Injin ba zai iya ba, amma babana zai iya."

Ashe ba ita ta fara wannan tunani ba, akwai 'yan tsirarun masana da suka riga ta. Ta bi sahunsu, ta koyi aikin daga tushe, ta kammala a 1977 da shaidar digiri a hannu da ɗan raunin ji a kunnen hagu.

Kama aiki

A watan Oktoba na 1977 ta kama aiki a cibiyar binciken ƙarafa ta jami'ar da ta yaye ta. Wata shida ta yi tana zarya tsakanin ofisoshi kafin a ba ta wani fili a bayan gonar gwaji, inda ta sa aka haƙa rami aka yi masa bango da siminti mai kaurin gaba guda, aka kuma gina ɗakin fakewa mai ƙofar ƙarfe. Tun ranar da ta yi fashewar farko, wadda ta watsa tantabarun unguwa ta kuma sa magatakardan jami'a ya shige ƙarƙashin teburinsa, sunan Uwar Tsawa ya manne mata.

Yadda aikin yake shi ne: a niƙa ƙarafa biyu su zama gari, a gauraya, a ɗura cikin wani kwanson baƙin ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa da kaurin wuyan hannu, a toshe shi, a kewaye shi da nakiya, a tayar. Bugun fashewar yana ratsa kwanson cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau dubbai, ya matse garin har ƙwayoyinsa su shiga sabon jeri. Sai dai wannan jeri ba shi da juriya: da zafi ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su koma gidan jiya. Kowa a fannin ya san zafi ne abokin gaba. Saboda haka ta tsara ramin yadda kwanson zai faɗa cikin tankin ruwa nan take. Daga nan a tsamo shi, a kai ɗakin ƙira a yanka shi, a ciro ɗan abin da ya manne a jikin bangonsa, wanda bai fi ɓawon albasa kauri ba, a tsoma shi cikin ruwan iskar hiliyom mai tsananin sanyi, a sa masa waya, a zuba wa allurar ma'auni ido.

Mai yanka kwansunan wani mutum ne da ya girme ta da shekara goma sha uku, wanda kowa ke kira Maƙeri duk da cewa bai taɓa hura zugazugi ba; injin yanka mai faifai yake aiki da shi, wanda ke raba kwanso biyu cikin minti huɗu yana feshin tartsatsi. Mutum ne mai kunya da tsabtar aiki, ba ya shiga ofis sai an kira shi, in ya shiga kuma ba ya zama.

Ta buɗe babban littafi mai baƙin bango domin aikin. Kowane kwanso yana da lambarsa da shafinsa, kowane shafi yana da gurbin nauyin gari, da nauyin nakiya, da kaurin ƙarfe, da zurfin ruwa, har da yanayin gari a ranar. Ba a taɓa ganin littafin da ya kai shi ƙididdiga a cibiyar ba. A ƙasan shafi akwai ɗan layi guda na ɗakin ƙira, inda Maƙeri ke rubuta kalma biyu da kyakkyawan rubutunsa: an buɗe.

Aure

A watan Disamba na 1978 ta auri wani likitan dabbobi, mutum mai fara'a da yawan tsokana, wanda ta haɗu da shi sa'ad da ya zo ƙorafin cewa tsawarta za ta hana kajin gonar gwaji yin ƙwai. Ya zo da faɗa, ya koma da alƙawarin shan shayi. Shi ne ya fara lura da abin dariyar da ke cikin sana'arta. "Dakta," ya kan ce mata, "shekara goma ina fama da jakuna, ban ga turjiya irin taki ba. Ke da kike neman abin da ba ya turjiya, ai da kin fara da na gida." Ta kan ce masa ita ma sai an sanyaya ta tukuna. Sun haifi ɗansu na fari a 1979.

Kwanso na arba'in da bakwai

Kwanso arba'in da shida suka wuce allura ba ta yi abin kirki ba. A ranar Talata 9 ga watan Yuni na 1981 aka tayar da na arba'in da bakwai, ita kuma ta tafi wani taro na kwana uku. Da ta dawo ta tarar da shi a kan teburinta a rabe biyu, da kalma biyun nan a littafi. Ta tsoma, ta sa waya, sanyi yana sauka allura tana bi a hankali, sai kawai allurar ta faɗi ƙasa warwas ta kwanta a kan sifili, a matakin sanyin da lissafi ya yi hasashe. Ta canza wayoyi ta sake. Ta canza ma'auni ta sake. Kwana uku a jere amsar ba ta sauya ba. Ta tuna da sharaɗin mahaifinta, ta tabbatar ta duba da kyau, sannan ta rubuta maƙala, wata mujallar masana ta buga a farkon 1982, watan da ta haifi ɗanta na biyu.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wata cibiya a ƙasar waje ta nemi a aika mata ɗan abin domin ta auna da kanta, ta aika, can kuwa suka liƙa masa waya da dalma mai zafi, suka auna, suka ce ba su ga komai ba. Shaidar da take da ita ke nan a duniya, ta lalace. Ta ce ba komai, za ta sake yin wani. Ta buɗe shafi na arba'in da bakwai ta bi shi ƙwaya-ƙwaya, gari ɗaya, nakiya ɗaya, ruwa ɗaya. Na arba'in da takwas bai yi ba. Na sittin bai yi ba. Na ɗari bai yi ba. Cibiyoyi uku a ƙasashe daban-daban suka bi bayaninta sau da ƙafa, babu wadda allurarta ta motsa.

Daga nan aka fara magana a bayan idonta, sannan a gabanta. Masu sauƙin baki suka ce waya ce ta haɗe. Marasa sauƙin baki suka ce da hannu ta zana layin. A 1984 jami'a ta kafa kwamiti, ya zauna sau uku, ya gayyato masana daga waje, daga ƙarshe shugaban kwamitin, wani dattijon farfesa mai son zaman lafiya, ya miƙa mata takarda mai layi biyu, wadda ke cewa an yi kuskure a awon, an janye maƙalar.

"'Yata, sa hannu kawai," in ji shi. "Ba a ce ke kika yi ba. An ce an yi. Kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, wa ya yi?" ta tambaye shi. "In ni ce, a nuna mini inda na yi, yanzu in sa hannu har da neman gafara. In kuwa ba a san wanda ya yi ba, yaya aka san an yi?"

Ta mayar masa da bironsa. Ta iya ganin wannan "an" ɗin a takardar wani daga nesa, amma wanda ke kwance a ƙasan kowane shafi na littafinta, kullum tana wuce shi.

Shekarun turjiya

Sakamakon ƙin sa hannu, aka sauke ta daga shugabancin sashe, aka dakatar da ƙarin girmanta, aka daina tura mata ɗaliban bincike. Ba a rufe ramin ba, domin babu wanda ke sha'awar sa, sai dai an taƙaita mata kwanso ashirin a shekara. A tarukan masana, idan ta tashi yin tambaya, sai a ga mutane suna duba agogo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kalmar da babu wanda ya taɓa furtawa a gabanta amma tana jin ta a kowace gaisuwa: maƙaryaciya. Ta haifi autarta a 1985, ta koma rami bayan wata uku.

Cikin waɗannan shekaru ta canza duk abin da ke da gurbi a littafi. Ta canza laushin gari, ta canza nau'in nakiya, ta canza kaurin kwanso, ta zuba ƙanƙara a tanki, har ta taɓa jiran ranar da yanayin gari ya yi daidai da na 9 ga Yuni. Kowane kwanso ta kai shi ɗakin ƙira da hannunta, ta dawo bayan awa guda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba Maƙeri, an buɗe?" Ya ce, "An buɗe, ranki ya daɗe." Mijinta likita a gida bai taɓa ce mata ta haƙura ba, ko da yake akwai ranar da ya ce, cikin wasan da ba wasa ba ne, yara sun fara zaton kwanso ƙanensu ne.

A watan Maris na 1990 mahaifinta ya kwanta ciwon ajali. Ta je ta zauna a gefen gadonsa, ya tambaye ta ko har yanzu suna cewa ba ta gani ba. Ta ce har yanzu. Ya ce, "Kin duba da kyau?" Ta ce ta duba. Ya ce, "To, shi ke nan, Uwata." Ya rasu bayan kwana biyu, sunan 'yarsa yana cikin zargi. Wannan ne baƙin cikin da bai taɓa barin ta ba, ko bayan komai ya daidaita.

Zarton hannu

Maƙeri ya yi ritaya a watan Satumba na 1995. A watan Disamba, wata Asabar da hantsi, ta je gidansa gaishe shi, ta same shi a tsakar gida ya ɗaure wani ƙaton bututun ƙarfe a jikin benci yana yanka shi da zarton hannu, zai yi wa tankin ruwa ƙafa. Buta tana gefensa. Ya ja sau goma, ya tsaya, ya zuba ruwa a bakin yankan, ya ci gaba.

"Baba Maƙeri," ta ce tana dariya, "kai da ka shekara talatin kana ba injin umarni, yau kai ne da zarto?"

"Injin na jami'a ne, ranki ya daɗe, ban taho da shi ba. Hannun dai nawa ne." Ya share gumi. "Rabona da yanka mai taurin kai irin wannan tun kwanson nan naki."

"Wane kwanso?"

"Na arba'in da bakwai mana. Kwana biyu cur na yi a kansa."

Ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta kifa bokiti ta zauna. Ta ce ya faɗa mata tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya sunkuyar da kai ya ce a ranar ya bar injin a kunne ya fita amsa kira, motar injin ta ƙone. Ya ji tsoron takardar tuhuma, ga shi ita ta yi tafiya, sai ya kulle ƙofa ya yanka kwanson da zarto, ya gyara injin da kansa kafin ta dawo.

"Ruwan da kake zubawa fa?"

"Bakin zarto ɗaya gare ni a lokacin. In ya yi zafi sai ya dakushe. To, kowane ja goma sai in zuba masa ruwa."

"Shekara goma sha huɗu, Baba! Me ya hana ka faɗa mini?"

"Wallahi da na san yankan ne, da na faɗa ko da kora ce. Ni na ɗauka abin yana can wurin nakiya, inda ilimi yake." Ya ajiye zarton. "Kwamiti ya zauna sau uku, ni aka sa na kai musu kujeru. Babu wanda ya tambaye ni komai. Ke ma abin da kike tambayata kullum shi ne an buɗe, in ce an buɗe. Ai kuwa an buɗe ɗin."

Fushi ne ya fara zuwar mata, amma bai yi minti ɗaya ba kunya ta kore shi. Ta yi gadin zafin nakiya shekara da shekaru, ta gina masa tanki, ta zuba masa ƙanƙara, sannan ta ɗauki kowane kwanso da hannunta ta kai wa faifan da ke feshin wuta daidai inda ɗan ɓawon yake. Sauran cibiyoyin ma da injin suke yankawa, domin babu masanin da ke zama ya ja zarto kwana biyu. Ta miƙe ta ce masa ba shi ne ya yi laifi ba, ita ce ta ba shi layi ɗaya a shafi mai layi talatin. Sannan ta roƙe shi ya dawo aiki na mako guda, ya taho da butarsa.

Tabbatar gaskiya

Ba ta yi gaggawa ba. Ta shirya kwanso biyu iri ɗaya, na 312 da na 313, ta tayar da su rana ɗaya, ta sa aka yanka ɗaya da injin, ɗayan kuma Maƙeri ya yanka da zarto a gaban shaidu uku da ke karɓa-karɓar zama. A ranar Alhamis 22 ga watan Fabrairu na 1996, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gaban tsohon shugaban kwamitin wanda ta aika aka ɗauko daga gida, aka tsoma na injin, allura ta tsaya inda ta saba tsayawa. Aka tsoma na zarto. Ba ta taɓa ma'aunin ba, ta ce dattijon ya riƙe da kansa. Allura ta faɗi ta kwanta a kan sifili. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, sannan ya ce, "'Yata, ki yafe mini." Kafin shekara ta ƙare, cibiyoyi biyu daga cikin ukun nan sun yanka nasu a sanyaye sun sami amsa ɗaya.

Jami'a ta aiko mata da wasiƙa cewa an gano an yi kuskure wajen tuhumarta. Ta kewaye "an" biyun da jan biro ta mayar. Wata huɗu aka yi kafin wata wasiƙar ta zo, mai ɗauke da sunaye da sa hannu. Ita ce ta ɗauka ta kai garinsu ta karanta wa mahaifiyarta a bakin tagar nan. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Shi ai bai taɓa shakka ba. Ke ce kike bukatar takarda." Nan Uwar Tsawa ta yi kukan da ba ta yi ba a gaban kwamiti.

Sabuwar maƙalar ta fito a 1997 da sunan Maƙeri a gaba, nata a baya. Ya ce yaya za a sa sunan wanda ko karanta ta bai iya ba. Ta ce masa su da suka iya karantawa sun yi shekara goma sha huɗu ba su iya yi ba.

Shekarun ƙarshe

Ta zama farfesa a 1998. Sinadarin nata bai sauya duniya ba, kuma ita ce ta fara faɗin haka: ɗan kaɗan ake samu, sanyin da yake bukata yana da wuyar samu, wasu ma sun gano waɗanda suka fi shi. Abin da ya rage shi ne hanyar da kuma dokar. Ta yaye ɗaliban digirin digirgir goma sha ɗaya, babu ɗayansu da bai sha jan biro ba. A littafin cibiyar ta haramta kalmar "an". Duk wanda ya rubuta an auna, ko an wanke, ko an ajiye, sai ya ga da'ira da tambayoyi biyu: wa, da me? Kowane sabon ɗalibi sai ya yanka kwanso ɗaya da zarton hannu kafin ta yarda ya kusanci nakiya. Dokar ta bi ta har gida, inda babu ɗan da ya isa ya ce an fasa kofi.

Ta yi ritaya a 2013, shekara biyu bayan rasuwar mijinta, wanda har a gadon asibiti ya gaya wa ma'aikatan jinya cewa matarsa ta kawar da turjiya daga ƙarfe amma tata tana nan daram. Ta koma gida da littafin ƙarshe mai baƙin bango, wanda ya tsaya a kwanso na 640, saura shafi ɗaya fari.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya karɓi ranta da safiyar Litinin 11 ga watan Maris na 2019, a gidanta, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara saba'in. Da ake shirin kai ta makwancinta da yamma, sai aka ga katakon da za a jera a kan kabarin ya yi tsawo. Wani maƙwabci ya ruga ya ɗauko zarton lantarki, amma Maƙeri, wanda shekarunsa suka kai tamanin da huɗu, jikokinsa suna riƙe da shi, ya ce a dakata. Ya zo da nasa. Jama'a suka tsaya suna jira yana ja, ja goma ya tsaya ya zuba ruwa. Babban ɗanta ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Baba, katako ne, ba ya bukatar ruwa." Ya ce, "Na sani, ɗana. Ita ce ba ta son zafi."

Ta bar 'ya'ya uku da jikoki takwas: babban ɗanta, injiniyan ruwa; mai bi masa, malamin sakandare; da autarta, magatakardar kotu, wadda duk aikinta na yini an ce ne da an yi. Washegari autar ta buɗe littafin a shafin nan fari, ta sa kwanan wata, hannunta ya rubuta abin da ya saba: an rufe. Yayyenta biyu suna tsaye a kanta. Babban ya buɗe aljihun teburin mahaifiyarsu, ya ɗauko jan biron ya miƙa mata. Ta kewaye kalmar farko, ta share hawaye, ta rubuta a ƙasa:

Wanka da sutura: ni da ƙanwarta. Saka ta a kabari: yayyena biyu, da hannuwansu. Ƙasa: ɗalibanta goma sha ɗaya, da shebur. Katako: Baba Maƙeri ne ya yanka, da zarton hannu, da ruwa.